Babur a Inuwa, Mai Shi a Ruwa

A wani mashigi bayan Gashuwa na gan shi, damina ta cika kogi taf. Gajere ne mai ɗan tumbi, ya sha shadda da baƙin tabarau, yana zaune bisa babur mai ƙafa huɗu, irin na tsere cikin rairayi. Ban san sunansa ba, amma na rantse ɗan wani dillalin kifi ne daga Nguru.

Maƙeran babur ɗin sakayau suka yi shi don gudu. Gogan naka kuwa ya kai wa mai walda, an lafta masa ƙarafa gaba da baya, ga hon na tirela, ga lasifika biyu da batirin mota. Har rumfa gare shi mai geza.

Da ƙyar aka tura shi cikin kwalekwale, mai shi ya bi ya harɗe. Jirgi ya nutsa, saura ƙiris ruwa ya shigo.

Tsoho mai fito ya ce, "Alhaji ƙarami, ko a kwance ƙarafan nan, ko kai ka sauka. Ba ni halaka mutane."

Gogan yana shafa rumfar, yana kallon tsallake. Ina jin wata budurwa ce a can ya yi wa alkawarin nuna mata babur ɗin. Sai ya tuɓe shaddar, ya ninke ta bisa kujera.

Ga su can tsakiyar kogi. Yana riƙe da gindin jirgi, ruwa iya wuya, tabarau na nan daram, yana ta ihu: "Baba, a hankali, kar lasifikar ta jiƙe!"