Hoton Dokin Tekuna a Jikin Motar Mai Magani

Shekarun baya na yi aiki a wani otal na bakin teku a ƙasar Masar, ina ɗaukar wa baƙi masu nutso tukwanen iska. A can na koyi nutso, ni da ko a gulbin garinmu Isa ban taɓa wuce inda ruwa ke kai mini ƙugu ba.

Akwai wani ɗan kifi da ake kira dokin teku. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, kai irin na doki, wutsiya a nannaɗe, kuma ya fi ganuwa da dare. Dare huɗu ina sauka ƙarƙashin ruwa da tocila da kyamarar aro, haƙorana na karo don sanyi, kafin na same shi maƙale da ciyawa. Na riƙe numfashi na ɗauka.

Da na dawo gida na wanke hoton babba na rataye a ɗakin mahaifiyata. Wani ɗan kawuna ya are shi, wai zai nuna wa abokansa. Shiru bai maido ba.

Ranar kasuwar Sabon Birni sai na ga taro a kan wani mai maganin gargajiya da lasifika. Ga hotona manne a jikin motarsa.

"Wanga shi ne dokin aljanun ruwa," in ji shi. "Da idona na gan shi a gulbi wajen Turba. Duk yaron da ke fitsarin jini, shi ya shafe shi. Asibiti ba ta da maganinsa, sai ni."

Mata sai miƙa hannu suke suna karɓar ƙulli.

Na kutsa na ce, "Malam, ji tsoron Allah. Ni na ɗauki hoton ga a cikin teku. Kifi ne, kuma babu shi a gulbinmu."

Kafin ya amsa, wani dattijo ɗan garinmu ya leƙa fuskata ya ce, "Kai ba kai ne ake goyawa a ƙetare da kai gulbi da damina ba? Kai ne za ka shiga teku?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Na fizge hotona na tafi. Mako na zagayowa aka ce mini ya manna wani, ashe tuni ya sa an buga masa da yawa.

Ɗan kawuna, wanda ta hannunsa hoton ya kai ga mai maganin, ya zo ya ba ni haƙuri, na yafe masa. Dariyar ma ta wuce. Abin da har yau ke ƙona mini rai shi ne yaran da aka ɗura wa jiƙo maimakon a kai su asibiti, kuma da wahalata aka yaudari iyayensu.