Wata Bakwai Ina Gaba da Allah

Wata bakwai ke nan ban yi addu'a ba. Kowace Lahadi ina zuwa majami'a a nan Madawa, in zauna cikin mata, in an ce a sunkuya in sunkuya, in an ce amin leɓena ya motsa. Amma ni da Allah mun san ba ma magana. Tun ranar da ɗana Ayuba ya kira ni daga Agadas ya ce washegari za su hau mota su yi arewa, salularsa ba ta sake shiga ba. Makonnin farko na roƙa har muryata ta dushe. Daga baya na ja bakina na tsuke. Yanzu ba na iya zama wuri ɗaya. In share tsakar gidan da na riga na share, in leƙa ƙofa, in dawo na manta abin da ya fitar da ni. Cikin wannan kai-komo ne Kaka ta yi ta faɗo mini a rai.

Kaka ita ta haifi babanmu. A ƙauyenmu, can gefen Urno, gida uku ne kawai na Kirista, kuma ita ta fara. Mahaifinta shi ke riƙe da tsafin garin. Ta girma tana ganin yadda ake zaɓen zakara ja ko baƙar akuya, a yi magana da iskoki a hankali, don kalma ɗaya in ta kuskure sai a ɗauki shekara ana zullumi.

Ita kuwa addu'arta ba ta da wannan ladabin. Tana kaɗi za ka ji ta tana mita, ka ɗauka da maƙwabciya take. Na taɓa jin ta ce, "Kai ka ce kai Uba na. To, uba ba shi barin hatsin ɗiyanai shi bushe shina kallo." Innarmu takan dafe ƙirji ta ce, "Kaka, ki ji tsoron Allah." Sai ta amsa, "Waɗancan munka ji tsoro, muna ba su kaji don su ƙyale mu. Wanga ba ni son shi ƙyale ni."

Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo, mukan tara kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ranar da nake son ba da labarinta, na yi kwana uku ba na yi wa babanmu magana, don ya hana ni bin su kasuwar Madawa bayan ya yi mini alkawari. In ya kira ni sai in zo in tsaya ina kallon ƙasa. Kaka ta dube ni ta gefen ido, ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ku matso da kunnuwanku, ga wata tatsuniya ta taho."

Wai a wata shekarar yunwa akwai wani manomi da 'yarsa ɗaya. Rumbunansa duk sun ƙare sai guda, wanda ya liƙe bakinsa da laka. Yarinya ta ci tafasa har cikinta ya gaji. Ta je ta durƙusa ta ce ya buɗe, ya ce a'a. Ta koma da kuka, ya ce a'a. Ta aiki baffanta, ta aiki gwaggonta, duk amsa ɗaya. Sai ta ɗaura gaba da shi. Ba ta fasa yi masa aiki ba: ta kai masa ruwa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗauke ƙwarya in ya gama. Mutanen gari har yabon ta suke, wai ga yarinya mai haƙuri. Uban kuwa ya rame fiye da yadda yunwa ta ramar da shi. Kullum da maraice sai ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki ta juya baya.

A nan Kaka ta sauke murya. "Ran nan sai yac ce mata, 'Ɗiyata, ruwan da kike aje mini ba magana, ba shi wuce mini wuya. In zagi gare ki, zage ni, in dai ji muryakki.' Sai tah hito, tac ce mishi mugu, tac ce mishi marowaci, tana dukan ƙirjinai tana kuka. Shi ko yar riƙe ta, bai sake ta ba har tag gaji."

A nan Kaka ta dasa aya. Muka jira. Ta fara karkaɗe zanenta za ta tashi.

Yayana ya ce, "Kaka, ya buɗe rumbun?"

"Ban ji an ce ya buɗe ba."

"To mi ke ciki? Iri na, ko? Don in ruwa ya sauka su samu na shibka."

"Watakila iri na. Ni ban shiga ba, balle in gani."

Haushi ya kama ni, har na manta ina fushi. Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, tun da yarinyar ta kwana da yunwarta. Kaka ta ce, "Ta kwana da yunwa, amma ta kwana da uba." Ta ja kunnena kaɗan, ta shige ɗaki.

Shekaru da yawa na ɗauka don ni da babanmu ta shirya wannan tatsuniya, kuma lalle da safe na gaishe shi. Sai da na girma na lissafa cewa matar nan 'ya'ya takwas ta haifa, biyar ta binne da hannunta. Ba a taɓa buɗe mata rumbun ba, ba a kuma gaya mata abin da ke ciki ba. Amma ban san ranar da ta kwana ba ta yi wa Allah magana ba, ko da faɗa ne.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Matan zumuntar majami'a suna cewa, ku dubi Maman Ayuba, ko gunaguni ba ta yi. Fasto ma ya kafa misali da ni. Ni kaɗai na san cewa ladabin nan nawa gaba ce. Ina kai ruwa in ajiye, ba magana. Na kuma gane cewa ban daina gaskata akwai Allah ba, na dai daina ɗaukar sa Uba. Na mai da shi wani babban mutum a bayan tebur, wanda in ya hana ka abu sai ka yi godiya ka fita, ka je ka ƙi shi a zuci.

Yau da hantsi ina tuƙa tuwo, ni kaɗai a gidan, sai na ji bakina ya buɗe. Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba. Na ce, "Ina ka kai mini ɗana?" Muryar ta fito da kaushi kamar ba tawa ba. Na faɗa masa bai kyauta mini ba. Na faɗa masa na ƙi shi wata bakwai, kuma har yanzu ban huce ba. Na yi ta faɗa ina kuka har tuwon ya kama, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Ayuba, ke da wa?"

Na share fuska da bakin zane, na ce, "Ni da Babana."