Tsatsar da Kawu Ya Goge

Ƙawayena, barkanku da war haka. Na san kun lura kwana biyu na yi shiru, ba hoton taliya, ba hoton farce, har wasu sun biyo ni ta gefe suna tambaya ko saurayi ne ya gudu. Ba saurayi ba ne. Yau da magana na zo, kuma akwai wani a danginmu da ba zai ji daɗinta ba. Ya san kansa, yana kuma bibiyar shafin nan.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, kakana na wajen uwa, Tokuji Kamiya, ya rasu a gidansa da ke garin Seki. Ya haura tamanin.

Kaka, ni ce Minori, akunka. Yau ma surutun zan yi maka, tunda ba ka nan balle ka hana ni.

Duk wanda ke da tsohon takobi a yankinmu ya san ƙofarka. Aikinka ke nan tun kafin a haifi Mama: a kawo maka takobi, ka zare shi, ka daga shi wajen haske, ka faɗi zamanin da aka ƙera shi da garin da maƙerin ya zauna. Ɗakinka kullum ƙamshin man kanumfari yake, wanda kake shafa wa ƙarfen. Ina ƙarama in na shiga, sai ka ninke farar takarda ka sa mini a baki in cije.

Ka ce, "Ke Aku, ba a magana a gaban takobi tsirara. Yawunki ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aikin wani bawan da ya mutu tun tuni."

In cije takardar ina ta gunguni ta hanci, kai kuma kana dariya ba sauti, kafaɗunka kawai ke rawa.

Ban manta wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye da takobin mijinta a naɗe cikin zani ba. An gaya mata na wani shahararren maƙeri ne. Kana dubawa ka gane sunan jabu ne. Ba ka yi mata ƙarya ba, ba ka kuma bari ta fita da kunya ba. Ka ce, "Baba, sunan nan wani ɗan damfara ne ya ƙara shi daga baya. Amma ƙarfen mai kyau ne, wanda ya yi shi ya yi gumi. Ki riƙe abinki." Ka ba ta shayi da wainar shinkafa, ka raka ta har tashar bas.

Lokacin da na bar makaranta na kama aikin shago, kowa a dangi sai da ya faɗi tasa. Kai kaɗai ka ce, "Zo ki zauna, ido ba ya buƙatar takardar shaida." A lokacin ka nuna mini abin da ya fi komai. Ka fitar da ɗan tsinken goran da ke riƙe mariƙi, ka zare mariƙin, sai ga wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki, baƙa ƙirin da tsatsa. Na ce, "Kai Kaka, wannan datti fa? Kawo soso." Ka buge mini hannu. Ka ce kaifi ana wasa shi ya yi ƙyalli, amma wutsiya ba a taɓa ta har abada. Wannan baƙar tsatsar ita ce shekarun takobi, a jikinta ake karanta zamaninsa, a cikinta sunan maƙeri yake kwance. Wanda ya goge ta ya kashe takobin.

Takubba masu daraja sun cika ɗakinka, amma abin da ka fi so wata ƙaramar wuƙa ce, ko tsawon hannuna ba ta kai ba. Wuƙar da matarka, Kaka Fumie, ta soke a ɗamararta ranar aurenku, ta gidan iyayenta. Tun rasuwarta take ajiye a wurin da kake kunna mata turare. Kuma abu ɗaya tak ka roƙe mu, a gaban kowa, ranar cin abincin sabuwar shekara: in ka mutu, wuƙar da za a ɗora maka a ƙirji bisa al'ada don ta tsare ka kafin jana'iza, ta Fumie ce. Ka ce kada a kuskura a sa maka ta wasan yaran nan da masu shirya jana'iza ke zuwa da ita. Kawu Noboru, babban ɗanka, ya ce, "Baba, ci abincinka, an ji."

Sai ɓarin jikinka ya shanye, bakinka ya rufe. Idonka da hankalinka lafiya lau, magana ce kawai babu. Kawu da matarsa Anti Etsuko suka tare a gidan, wai jinya. Kafin ganye ya gama zuba, takubban sun fara fita ɗaya bayan ɗaya, ta gaban shimfiɗarka ake wucewa da su. Kawu har ɗaga maka hannu yake yi: "Baba, ana rage kaya, ɗakin ya sha iska."

Da ta rage sai ta Kaka Fumie, Mama ta durƙusa masa. Ta ce, "Yaya, wannan ɗayar dai. Ka ji abin da ya ce."

Ya ce, "Sachie, gawa ta san abin da ke ƙirjinta ne? Ko cokali aka ɗora masa ba zai yi ƙorafi ba."

Don kada dillali ya ci rabonsa, sai ya yanke shawarar sayarwa da kansa a shafin gwanjo. Ya zare mariƙi zai ɗauki hoto, ya ga baƙi. Ya kira matarsa. Anti Etsuko ta kai wuƙar wajen wanke-wanke, ta sa soson ƙarfe da samfefa ta dirje ta kamar gindin tukunya.

Ni a wayata na gani, ina hutun rana a bayan shago. Kun san ni da leƙe-leƙe. Sai ga wuƙar kakata, wutsiya fara tas tana sheƙi, sunan maƙerin ya kusa shafewa, a ƙasa an rubuta wai an tsabtace ta sosai. Masu sharhi kuwa sun taru suna ta shewa. Wani ya ce a kama wanda ya yi wannan. Wani ya ce zai saya ya riƙa fere dankali. Na kira Kawu ina kuka. Ya ce, "Ke da ko sakandare ba ki gama ba, ni za ki koya wa kasuwanci? Je ki goge kantar shagonku."

Babu wanda ya taya. Kawu ya kai wa Malam Ogura, dillalin da kuka yi shekaru kuna hulɗa. Malam Ogura ya duba sau ɗaya ya mayar da ita cikin kube, ya ce ko kyauta ba ya so.

Da a nan ya tsaya, Kaka, da ka tafi ba ka sani ba. Amma sai ya yi tunanin in aka ga bidiyonka, kai da kowa ya yarda da idonka, kana gyaɗa kai cewa ta gaske ce, za a saya. Ranar ina gidan. Na tare ƙofar ɗakinka na ce, "Kawu, don girman Kaka Fumie kada ka nuna masa." Ya ture ni da kafaɗa ya wuce. Anti ta riƙe waya. Ya zare mariƙin, ya kai maka wutsiyar dab da fuska.

"Baba, duba nan. Ta gaske ce ko? Gyaɗa kai kawai. Haba tsoho, gyaɗa mana, batir zai ƙare."

Ka daɗe kana kallonta. Ka ɗago hannunka mai lafiya, ka shafa wurin da sunan yake. Sai hawaye. Anti Etsuko ta ce, "Ka gani ko? Daɗi ya ji. Ai bai taɓa ganinta da tsabta haka ba."

Ba ka gyaɗa ba. Ka juya fuskarka bango. Daga ranar ko kunun shinkafa sai da lallashi, daga baya lallashin ma ya daina aiki.

Ranar zaman makoki na shiga na tarar da kai kwance cikin fararen kaya, ga wuƙar Kaka Fumie a ƙirjinka, cikin kubenta, mariƙi ya rufe ɓarnar. Kawu na tsaye a gefe yana share ido, yana gaya wa masu gaisuwa, "An yi ta bina in sayar, na ƙi. Wasiyyar Baba ce." Tsofaffi suna ta sa masa albarka, wai irin waɗannan 'ya'yan sun yi ƙaranci. Malam Ogura ya kunna turarensa ya fita bai kalli kowa ba.

Da za a rufe akwati a kai ka wurin ƙonawa, ma'aikacin ya ɗauke wuƙar, tunda ƙarfe ba ya shiga wuta, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu cikin ladabi. Kawu bai karɓa ba. Ya rage murya, amma ni da Mama mun ji: "Ku ba kwa karɓar irin wannan? To ina ake zubarwa?" Mama ce ta miƙa hannu ta karɓa, ta rungume ta.

Ka samu abin da ka roƙa, Kaka. Ta kwana a ƙirjinka. Sai dai ina so duk wanda ya sa wa Kawu albarka ranar ya sani: ta kai ƙirjinka ne don duk duniya an rasa mai saye.

Mai rahama ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sauƙaƙa maka hanya, ka isa inda Kaka Fumie ke jiranka. In ta tambaye ka wuƙarta, ka ce ba laifinka ba ne. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da ƙanwarka Gwaggo Haruyo da ba ta iya zuwa ba, da abokanka masu duba takubba, da duk wanda ya taɓa shigowa ɗakinka da tsoro ya fita da mutuncinsa. Mai rahama ya ba mu haƙuri. Kawu, kai ban san me zan ce maka ba, don ban ga abin da ka rasa ba.

Ƙawayena, ku ba ni naku a ƙasa, zan karanta duka. A gidanku da tsoho ya bar wasiyya, an cika masa kuwa? In an cika, don shi aka yi, ko don abin ba shi da kasuwa?