Wayar da Na Riƙe a Bakin Kabarin Ishaya

Da ana mayar da rana baya, da ranar da muka binne abokina Ishaya zan mayar, in sauke hannuna lokacin da ya kamata in sauke. Na rubuta tafiyar yadda ta kasance, ban gyara kaina a ciki ba.

Samaru

Gari bai waye ba na isa gidan makoki. Ishaya maƙwabcina ne, tare muka yi aikin kafinta tun muna samari. Babban ɗansa Yohanna yana aiki a ƙasar waje, takardunsa ba su bar shi ya zo ba. Shi ya kira ni ya ce, "Baba Bulus, ku nake so ku riƙe mini waya a bidiyo. Ku zama idona har a rufe shi."

Ƙanwar Yohanna, Rifkatu, ta zo da pawa bank na cajin waya da igiyarsa. "Baba, ku sa wannan a aljihu. Rana tana cin batir."

"Waya ta kwana a caji, ta cika fal," na ce. "Kada ki rataya mini igiya kamar akuya."

Mutane suka yi dariya, ta koma da abinta. Na sha koko da ƙosai a tsaye, aka ɗora akwati a mota, na shiga gaba kusa da direba, wani Sunday. Tun daga ƙofar gida na kira Yohanna, ban kuma kashe ba.

Kwangila

Cunkoso ya tare mu a ƙarƙashin gada, tireloli sun toshe hanya. Da muka fito rana ta buɗe, ta haske gilashin waya har ba na ganin fuskar Yohanna, sai na ƙara haske har ƙarshe. Hannuna ya gaji, na jingina wayar a gaban gilashin mota don ya ga hanya.

"Baba, wayar nan za ta dahu a wurin fa," in ji Sunday. "Ko ƙwai ka ajiye nan sai ya nuna."

"Kai dai duba titi."

'Yan sanda suka ga ganye a jikin motoci, alamar rakiyar gawa, suka ɗaga mana hannu, ɗaya ma ya cire hula.

Hanwa

Nan sabis ya fara wasa, hoto ya tsaya, ya dawo, ya tsaya. Na ɗauki wayar, da kyar ta riƙu don zafi. Batir ya sauka ƙasa da rabi. Motar su Rifkatu tana bayanmu, da na leƙa taga na kira ta, da an gama. Na tuna dariyar da na sa aka yi mata, na fasa.

Sabon Gari

A tsohon cocin su Ishaya aka yi sujada. Akwai soket a bango kusa da kujerar dattawa, ina ganinsa, amma ban zo da caja ba, kuma ban roƙa ba. Na kashe kiran lokacin wa'azi, na ce wa kaina hakan ya isa.

Maƙabarta babu inuwa ko ta kara. Tsakar rana ce ta bazara, zumuntar mata suna waƙa, gumi yana bin kowa. Na sake kiran Yohanna, na ɗaga hannu sama don ya ga ramin. Gilashin yana fuskantata, ni kaɗai nake ganinsa. Alamar batir ta yi ja. Matasa suka kama igiyoyi, Yohanna ya ce, "Baba, ku matso kaɗan." Na taka gaba, waya ta yi baƙi.

Ban sauke hannu ba. Fasto yana kallona, dangi suna kallona, wasu suna ɗaga wa wayar hannu. Na ci gaba da juya ta hagu da dama, kamar mai aiki. Aka sauke akwati.

Sai Maman Yohanna ta zo, ana riƙe da ita. Ta kawo bakinta dab da wayar, ta yi ƙasa da murya yadda babu mai ji sai ni.

"Yohanna, ɗana. Babanka ya ce in gaya maka a nan, ba a wani wuri ba. Bai tafi da fushin tafiyarka ba. Ya ce ka yi daidai da ka tafi, shi ne bakinsa ya yi nauyi."

Ta ɗebi ƙasa ta zuba, ta sake ɗiba ta ce wannan ta Yohanna ce. Sannan ta dube ni. "Ya ji?"

"Ya ji," na ce. "Kuka yake."

Komawa

Ban jira abinci ba. Na hau keke napep zuwa Kwangila, na sake wani zuwa Samaru, mataccen abu yana ƙona mini cinya ta aljihu. A gida na sa caji. Tana kunnuwa kiran Yohanna ya shigo, na kife ta a kan tebur.

Washegari na je gaisuwa, na jira mata suka ragu, na durƙusa gaban Maman Yohanna na faɗa mata duka. Ta daɗe tana kallon tabarma.

"Baban Talatu," ta kira ni da sunan 'yata, "da furfurarka?"

Sannan ta ƙara da cewa:

"Ni ba zan iya sake faɗa ba. Na faɗa inda aka ce in faɗa. Kai ka ji, kai za ka kai."

Rifkatu ta miƙo wayarta. A gabansu na gaya wa Yohanna abin da na yi, sannan na maimaita maganar uwarsa, kalma bayan kalma. 

"Baba," ya ce, "a hankali suka sauke shi?"

"A hankali, ɗana."

Wannan kaɗai ya tambaya.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa gidan Ishaya da har yau suke ba ni kujera. Ku da kuke karantawa, in aka ba ku waya ku riƙe wa wanda yake nesa, ku karɓi igiyar da yara suka miƙo, ku ɓoye wayar daga rana. In kuma ta mutu a hannunku, ku faɗa a take, tun ba a zuba ƙasa ba.