Mutumin da Na Ce Ya Jira

Jama'a, wallahi abin nan ba ji na yi ba, ni ya faru da ni, kuma zan faɗe shi bi da bi yadda ya zo.

Shekarun baya ina majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin gidan likita can wajen Gabi, kusa da iyaka, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka. Wata Talata da hantsi, ana tsakar noma, aka kawo mini mutum biyu a amalanke ɗaya. Na farko dattijo ne, Malam Ila, an harbe shi a kwiɓi yana cikin gonarsa. Na biyu baƙo ne, jini na kwarara daga cinyarsa, mutane na ta cewa cikin maharan yake. Ni kaɗai ne mai ɗinki, sai ungozomarmu Hajiya Rabi. Doka kuwa ɗaya aka koya mana: wanda ya fi zubar da jini shi ne farko, ba a tambayar ko wane ne.

Na duba dattijon, yana magana sarai, na ce, "Baba, jira ni gindin itacen bedin nan." Ƙanensa ya riƙe mini riga. "Majo, da ɓarawon za ka fara? Ka ji tsoron Allah!" Na fizge na shige da baƙon.

Sai bayan azahar na fito, kaina na juyawa. Filin ba kowa, sai Malam Ila zaune kan tabarma. Na wanke ciwon, na yi masa ɗinki bakwai, na ƙirga su. Jikinsa da sanyi, amma ban kawo komai a raina ba.

Ya ce, "Wancan zai tashi?" Na ce in sha Allahu. Ya ce, "Shi ya harbe ni." Ya dube ni, ba fushi ba fara'a, ya ce, "To, ka dai fito."

Na shiga wanke hannu, Hajiya Rabi ta tambaye ni da wa nake surutu. Da na gaya mata, sai ta saki kwanon da ke hannunta. "Innalillahi! Majo, bawan Allah ya cika tun kafin azahar, danginsa sun tafi da gawar. Na ƙi gaya maka ne don kana tsakar aiki." Na leƙa waje, tabarma kaɗai.

Washegari na je gaisuwa. Ƙanen ya ƙi ba ni hannu, yana rantsuwa ko allura ban taɓa yayansa da ita ba. Amma limamin da ya wanke gawar ya ja ni gefe ya ce, "Kun dai yi ƙoƙari, na ga ɗinkinku." Na ce guda nawa? Ya ce bakwai.

Har gobe ban sani ba, yafe mini ya dawo yi, ko ganin fuskata don ya shaida ni ranar hisabi. Baƙon ya warke, jandarmomi suka tafi da shi.

Ku ma'aikatan lafiya, ku bi doka, ban ce ku saki ba. Amma duk wanda kuka ce ya jira, ku leƙo ku duba shi ko sau ɗaya, tun yana iya amsa muku.