Manhajar da Yaya Lawali ya saya, da wadda na ɗauka haya

Yau shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Lawali. Duk shekara in wannan wata ya kama, mukan taru a gidansa da ke Tasawa, a yi masa addu'a, a raba sadaka, kowa ya faɗi alherin da ya sani a kansa. Ni ma nakan faɗi nawa. Amma akwai abin da ban taɓa iya faɗa a wurin taron ba. Bana na ga gara in rubuta shi, ko nauyinsa ya ragu a ƙirjina.

Wanda ya san Tasawa a wancan lokaci zai tuna wani ɗan biro, wato ƙaramin ofis, kusa da tashar mota, inda ake buga takardu, a rubuta wa mutane wasiƙar neman aiki. Nasa ne. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, ban samu aiki ba, sai ya ajiye mini kujera a gefensa. Sai dai ba buga takardu ne ya riƙe biron ba. Wata ƙungiyar mata manoma wake ce ta yankin Atantane, cikin Mayahi, ta ɗora masa amanar nemo mata masu saye. In kaka ta yi, ya hau moto, babur ɗinsa, ya je ya ɗauko hotunan waken, ya dawo ya tsara imel mai kyan gani: hoto a sama, irin waken, yawan buhunan da ke mangaza, wato ɗakin ajiyarsu, sai lambar shugabar ƙungiyar, Hajiya Tsahara. Ya aika wa manyan ƴan kasuwa na Maraɗi da Yamai a rana ɗaya. Hikimar ke nan. In mutum da yawa suka ji labari lokaci guda, kowa zai taya da kyau don kada wani ya riga shi. Kafin haka, dillalai ne ke zuwa har ƙofar gida su kwashe waken a farashin da suka ga dama.

Manhajar da yake tsara wasiƙun da ita, sau ɗaya ya saye ta. Ya biya, aka ba shi lambar buɗewa, ya sa ta a ordinatarsa, wato kwamfutarsa, shi ke nan. Ko da rezon intanet ko babu tana buɗewa. Sunayen masu saye da adireshinsu, waɗanda ya yi shekaru yana tarawa kasuwa kasuwa, duk suna cikin wannan ordinatar. Yana alfahari da haka ƙwarai.

Ni ce na kawo maganar sabuwar. Irin wadda ba a sa ta a ordinatar, sai dai ka shiga ta intanet, ka riƙa biya wata-wata. Na ga amfaninta da idona. Ƴan kasuwa sun daina zama gaban ordinatar, a waya suke karanta saƙo, kuma wasiƙar Yaya in ta sauka a waya sai hoto ya hau kan rubutu. Masu manhajarsa sun daina gyara ta. Sabuwar kuwa kullum ana sabunta ta, har tana nuna maka wanda ya buɗe saƙon da wanda bai buɗe ba.

Mun yi wata da watanni muna wannan gardama. Shi maganarsa ɗaya ce. "Barira, wannan ba saye ba ne, haya ce. Kuma ba kayanki za ki ajiye a ɗakin hayar ba, kayan matan Atantane ne." Ni kuma in ce masa abin da ya saya ya tsufa a hannunsa, yana riƙe da shi don kawai kada a ce ya yi asara. Wannan kalma ta ɓata masa rai. Ya yi kwana uku in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu, alhali teburinmu ɗaya.

Ana cikin haka, da kaka ta ƙarato, ya faɗi a biro da hantsi. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Maraɗi, matarsa Ramatu tana jinyarsa, ni aka bar ni da aiki. Na tsara wasiƙar shekarar da manhajarsa, na gwada aika wa wani ɗan kasuwa, ya kira ni ya ce ba ya ganin komi sai rabin buhu. A ranar na je banki na nemi kart na biyan kuɗi ta intanet, na shiga sabuwar, na kwashe sunayen nan duka na zuba a ciki. Ban tambayi Yaya ba. Ban tambayi Hajiya Tsahara ba. Wasiƙa ta fita tsaf, kuma tun daga ranar wayar Hajiya ba ta huta ba.

Na tafi Maraɗi da niyyar in ba shi labari, ina ganin in ya ji yadda aka yi ciniki zai sauko. Da na shiga na ga yadda ya rame, bakinsa ya karkace, sai na fasa. Shi ya fara tambaya, da ƙyar kalmomin ke fita.

"An aika?"

"An aika, Yaya."

"Da wace?"

"Da taka."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya gyaɗa kai ya rufe ido. Na ce a raina in ya samu sauƙi zan gaya masa gaskiya. Kwana tara bayan nan ya cika.

Shekara huɗu abin yana tafiya daidai, har na fara ganin ni ce da gaskiya tun farko. Ordinatarsa na haɗa da kayansa na kai wa Yaya Ramatu. Duk sabon mai saye da muka samu, cikin manhajar haya nake sa sunansa, ban ajiye kwafi ko'ina ba. Kuɗi na fita daga kart kowane wata ba tare da na ma tuna ba.

Sai kakar bara waccan. Mata sun gama sussuka, sun kai wake mangaza, sun kori dillalai saboda na ce su ba ni mako ɗaya. Na zo da safe zan tsara wasiƙa, na tarar da jan rubutu da Faransanci: ba a samu biyan wannan wata ba, an dakatar da ni. Na je banki, aka ce biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje ba ya wucewa a kwanakin nan, kuma ba wanda ya san ranar da zai daidaita. Kuɗin suna nan a ajiye, hanyar isar da su ce babu. Na rubuta wa masu manhajar na roƙe su su bar ni in kwashi sunayen kawai. Amsa ta dawo nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa: in biya, a buɗe. Na sake rubutawa sau huɗu, amsar ba ta sauya ko harafi ba.

Lambobin da ke wayar Hajiya ba su wuce na mutum uku ko huɗu ba. Da sun gane su kaɗai suka sani, da su za su yanka mana farashi. Washegari na hau mota zuwa Atantane. Na tarar da mata zazzaune a inuwar gawo gaban mangaza, ga dillalai biyu can gefe a kan moto, suna jira. Lokacin komawar yara lakwal ne, kowa da buƙatarta. Hajiya Tsahara ta ja ni bayan mangaza, na fara yi mata bayani ina haɗawa da Faransanci, ta ɗaga mini hannu.

"Barira, gaya mini da Hausa. Sunayen ga, namu ne ko nasu?"

"Naku ne, Hajiya."

"To mi ya kai su hannun wani?"

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tana iya riƙe matan har ranar kasuwa, bayan nan ba ta da bakin hana kowa ɗaukar buhunta. Kwana huɗu ke nan.

Daga tasha ban biya gida ba, gidan Yaya na wuce. Ban ma tabbata ordinatar tana nan ba, don na san an sha zuwa taya ta. Yaya Ramatu ta saurare ni har na gama, ta shiga ɗaki ta fito da ita a naɗe cikin zane. Ba ta miƙo mini nan da nan ba. Ta zauna, ta ɗora ta a cinya.

Ta ce ranar da na shiga sabuwar manhajar, saƙon maraba ya sauka a adireshin biro, kuma adireshin biro yana buɗe a wayar Yaya. Ita ta riƙe masa wayar, don hannunsa ba ya iyawa. Ya karanta har ƙarshe. Kwana biyu ke nan kafin in je duba shi.

Na ce, "Me ya ce a kaina?"

"Bai ce komi ba a kanki. Bayan kin tafi ne ya ce kada in bari a sayar da wagga ordinatar, ko nawa za a ba ni. Sau biyu ya maimaita."

Batirinta ya mutu, amma da na haɗa ta da wuta ta tashi. Manhajar ta buɗe ba ta tambaye ni komi ba. Sunayen suna nan kamar yadda ya bar su. Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komi ya gyaru. Jerin ya tsufa da shekara huɗu, babu ko ɗaya daga cikin sababbin masu sayenmu. Wasiƙar da na tsara da ita kuma ta fito a wayata a hargitse, kamar yadda nake gaya masa tun yana raye. Na watsar da adon, na rubuta magana zalla, na maƙala hoto ɗaya, na riƙa aikawa kaɗan kaɗan daga adireshin biro. Da yawa suka dawo mini, masu su sun sauya adireshi ko sun bar sana'ar.

Kwana biyu shiru. A rana ta uku mata shida suka ɗebe buhunansu suka sayar wa dillalai da araha. Ɗaya daga cikinsu mijinta na kwance ba lafiya, ba wanda ya ga laifinta. Jajibirin kasuwa ne wani tsohon ɗan kasuwa na Maraɗi, cikin waɗanda Yaya ya fara samowa, ya kira Hajiya. Da la'asar wani ya biyo baya. Su biyun nan suka sayi sauran, a farashin da bai kai na kakar da ta gabata ba amma ya fi na dillalai nesa. Cikin mata shidan nan, huɗu ba su sake kawo wakensu mangaza ba har yau. Bayan mako uku kart ya wuce, manhajar haya ta buɗe tana yi mini barka da dawowa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ina jin ransa zai ɓaci, don irin sayen da yake so, ka biya sau ɗaya abu ya zama naka, da wuya ka same shi yanzu. Kusan duk wadda na duba ta koma wata-wata. Kuma har gobe ina kan bakana cewa tasa ta tsufa, da mun tsaya a kanta da masu saye sun daina karanta mu. Har yanzu haya nake yi. Da yana nan da mun ci gaba da gardama, wataƙila har a sake yin kwana uku ba magana.

Amma na gane inda na yi kuskure, kuma ba a zaɓen manhaja ba ne. Ni ina auna wadda ta fi kyau da sauƙi, shi yana auna wanda zai ɗauki asara ranar da aka rufe. Ba ni na ɗauke ta ba. Matar da mijinta ke kwance ce ta ɗauke ta, ita da ba ta taɓa ganin manhajar ba, ba a kuma taɓa tambayarta ba. Bayan wannan kakar na koma Atantane na tsaya gaban matan na bayyana musu bambancin saye da haya, da amfanin kowanne da haɗarinsa. Su suka zaɓi a ci gaba da haya, bisa sharaɗin a riƙa biyan shekara tun kafin damina, kuma duk ƙarshen wata in kwashe sunayen in buga a takarda, kwafi ɗaya ya zauna a wurin Hajiya Tsahara. Ba ta karanta boko, amma in wata ya ƙare ban aiko ba, sai ta kira.

Biron yana nan, an sauya masa fenti, mutane da yawa da ke shigowa yanzu ba su san sunansa ba. Manhajarsa ba ta da sauran amfani. Abin da ya rage mini nasa shi ne waɗancan kwanaki na ƙarshe. Mutum ne mai son a ce shi ke da gaskiya, ya kama ni da ƙarya ƙiri-ƙiri, yana da shaida a wayarsa, amma bai kunyata ni ba. Ɗan ƙarfin maganar da ya rage masa, a kan abin da zai fisshe ni ranar da zan rasa madafa ya kashe shi. Ban sani ba ko yafe mini ya yi, ko gajiya ce ta hana shi faɗa, kuma ba wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne ya tambaye ni, na yi masa ƙarya.

Da sabuwar na aika, Yaya. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ni ma ya yafe mini.