Sarewar Yaya Rabi da Shirun Baba

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a nan Doha, kuma har yau mahaifinmu bai buɗe baki ya ce ya yafe mata ba. Wannan ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Baba ya tsufa, ciwon zuciya ya sa shi gaba, ni kuwa duk kiran da ya shigo daga Zariya sai gabana ya faɗi.

Ni na jawo ta ƙasar nan bayan rasuwar mijinta. Ina tuƙin motar ɗaukar yara, sai na ji ana neman mai taimaka wa malamar kiɗa a wata makarantar nazare ta ƙananan yara a unguwar Ain Khaled. Yaya Rabi ta yi karatun koyarwa a gida, nan da nan aka ɗauke ta. Malamar wata Baturiya ce 'yar ƙasar Ailan, mai yawan dariya. Duk watan Maris, lokacin da sanyin ƙasarsu ke wucewa ciyawa ta fara tsiro, sai ta fito da waƙoƙin garinsu na ruwan sama da tsuntsaye da 'yan tumaki, tana busa wata 'yar sarewar ƙarfe, yara suna tsalle.

Matsalar ita ce yaran Doha ba su san damina ba. Ana yi musu waƙar ruwa suna kallon na'urar sanyaya ɗaki. Yaya Rabi ce ta samo dabara: ta zaunar da su, kowa ya ɗora yatsa ɗaya a kan tebur yana ƙwanƙwasawa a hankali, yayyafi ke nan. Sai yatsu biyu, sai tafin hannu gaba ɗaya, har ajin ya ɗauka kamar ruwa a kan kwanon rufi. A tsakiyar wannan rugugin sarewa ke shigowa. In an busa kiɗa mai sauri su yi layi suna taka rawa, in an busa mai sanyi su kwanta kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta sa kowane yaro ya shuka wake a kofi, don ya ga tsiron da yake yi wa waƙa.

Ba a jima ba ita ma ta iya busar. Nakan tsokane ta in na je ɗakinta a unguwar Al Muntazah, in ce 'yar malamai ta koma sanƙira. Sai ta harare ni ta ce, “Auta, ka kiyaye ni, bakinka ya fiye tsawo.” Da Baturiyar ta koma ƙasarsu, aka miƙa mata ajin ɗungurungum. Wallahi ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na lokacin ba.

To amma gidanmu gidan allo ne tun kaka da kakanni. A wurin Baba, busa sana'ar maroƙa ce, kuma ga abin da malamai suka faɗa a kanta. Mun san haka, shi ya sa muka yi gum. Sai ga bikin ƙarshen zango, wata uwa ta ɗauki bidiyo ta saka a waya, ya bi hannu-hannu har ya faɗa zauren Baba. Ga 'yarsa da hijabinta, sarewa a baki, yara na zagaye ta. Ya kira ta, ya ce ta zaɓa, ko busa ko shi. Ta yi kuka, ta yi bayani cewa yara ne 'yan shekara uku, tarbiyya ce ba biki ba. Ta roƙi ya bari ta ƙarasa shekarar, tun da ta sa hannu a kwantiragi kuma kafil, wato ubangidan aiki mai ɗaukar nauyin zaman baƙo, ba ya sakin mutum don ya ce babansa ya yi fushi. Baba ya kashe waya. Kafin shekarar ta ƙare zazzaɓi ya kwantar da ita, cikin 'yan kwanaki ta cika.

Ba na zagin mahaifina a jarida, Allah ya tsare ni. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Amma ni ma ina da nawa fushin, kuma ba zan ɓoye ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar da na gaya masa rasuwar, cewa ya yi Allah ya jiƙan musulmi, ko sunanta bai kama ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo ajin nan yau. An daina busa, allon bango ake kunna wa yara su yi ta kallo. Na san za ta ja tsaki ta ce wannan ai renon talabijin ne. Sai dai ɗalibanta na nan, sun yi wayo, wasu ni ke kai su firamare. A hunturun bana aka ɗan yi yayyafi muna kan hanya, kawai na ji bayan mota ya ɗauka da kiɗan Ailan, da baki suke yi, babu wanda ya sa su. Sai da na gangara gefen titi na tsaya, don idona ya daina ganin hanya. Abin da ta bari ke nan: ba gida, ba ɗa, sai waƙa a bakin 'ya'yan wasu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yi ta maza na kira Baba. Bayan gaisuwa na ce masa yau Yaya Rabi shekara biyar. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Can ya ce, “Tana sallah a kan lokaci?”

Na ce, “Baba, ko a tsakiyar aji aka kira, ajiye sarewar take yi.”

Ya ce, “To.” Sai tari ya sarƙe shi, aka karɓe wayar.

Ban san abin da zai biyo bayan wannan “to” ɗin ba, kuma ba zan yi masa ƙarya in ce yafiya ce. Na nemi hutu, an ce sai bayan an rufe makarantu. Allah ya jiƙan Rabi'atu. Allah ya ara wa Baba kwana har ya ƙarasa maganarsa.